Daga kamfanin fasaha zuwa ma'aikatar magajin gari: tambayoyi da amsoshi kan hukumar birni da kuɗin siyasa a Damagaram

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga bakin ƴan Damagaram da suka yi shekaru a kamfanonin waya, na aika kuɗi ko na manhajar kwamfuta, har suka kai muƙamin darakta, sannan gida ya fara kiransu. Wani a ce ya zo ya gyara ma'aikatar magajin gari, wani a ce shi za a danƙa wa jakar kuɗin tafiyar siyasa tunda ya san lissafi. Amsoshin sun fara daga tsarin hukuma, suka gangaro zuwa aikin hannu.

Yanzu haka akwai zaɓen kansiloli, ko jam'iyyar da mutum zai tara wa kuɗi?

Babu ko ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, majalisar soja ta CNSP ta dakatar da harkokin jam'iyyu. A farkon Afrilu 2024 aka rushe majalisun jihohi, na birane da na ƙananan hukumomi waɗanda aka zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020, aka naɗa kantomomi a gurbinsu. Ranar 26 ga Maris 2025, ranar da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, aka rushe jam'iyyun gaba ɗaya. Saboda haka duk wanda ya zo maka yau da kati ko lambar aika kuɗi da sunan jam'iyya, babu dokar da ta tsaya masa, kuma kai da ka karɓi jakar za a fara nema.

Abin da ke ƙasa game da takara da kuɗin jam'iyya ya dogara ne kan dokokin da aka yi aiki da su daga 2010 zuwa 2023. Ranar da sabuwar doka ta fito, ita za a bi wajen adadi da sharuɗɗa. Aikin rasit, littafi da sa hannu biyu kuwa yana nan yadda yake.

To wace ƙofa ce a buɗe ga mai son ya yi wa garinsu aiki?

Mafi kusa ita ce ba da shawara ga hukumar birni a kan aiki guda ƙayyadadde, da takarda a hannu wadda ta faɗi aikin, wa'adinsa, da ko akwai biya ko babu. Kada ka yarda da "zo ka taimaka mana" na baki, domin ranar da aka sauya kantoma ba ka da abin nunawa. Akwai kuma hukumomin ƙasa irin ANSI, wadda aka kafa a 2017 don harkar fasahar zamani. Ibrahima Guimba-Saidou da ya shugabance ta daga kamfanonin tauraron ɗan Adam ya fito, wato hanyar ba sabuwa ba ce. Sai ƙungiyoyin raya gari masu rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1984, da kwamitocin makaranta, na asibiti da na ruwa. Nan ne ake koyon taro da mutane, kuma nan mutanen unguwa ke auna ko kana da riƙon amana tun kafin ka nemi wani abu a wurinsu.

Yaya tsarin birnin Damagaram yake a doka?

Damagaram na cikin birane huɗu masu matsayi na musamman, tare da Yamai, Maraɗi da Tawa, kuma an raba ta da'ira biyar. Dokar da ta tsara ƙananan hukumomi ita ce mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumba 2010. Abin da baƙon shiga ya fi yin kuskure a kai shi ne matsayin da'ira: reshe ce ta birni, ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya da sunan kanta kamar yadda birni ke da shi. Idan ka shirya aikin manhaja da shugaban da'ira kaɗai, kun yi shawara ne. Sa hannun da ke ɗaure hukuma yana babbar ma'aikatar magajin gari. Sama da birni akwai gwamnan jiha mai duba halaccin shawarwari da kasafi. A ƙananan hukumomin karkara, kamar na gundumar Mirya ko Magarya, prefe, wato shugaban gunduma, ne ke wannan aiki.

Sarauta ma tana cikin tsarin. A majalisun da aka zaɓa, sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki suna da kujera ta ba da shawara, ba su da ƙuri'a. A aikace kuwa, ƙidayar gidaje ko karɓar lanho a Birni, Zango ko Garin Malam ba ya tafiya sai da mai unguwa, kuma duk babban aiki ana kai gaisuwarsa fadar Sultan kafin a fara.

Idan zaɓe ya dawo bisa tsohon tsari, ta yaya ake zama magajin gari?

Jama'a ba sa zaɓar magajin gari kai tsaye. Jerin sunaye suke kaɗa wa ƙuri'a, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowane jeri, sannan kansilolin su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu, na shekara biyar. An yi zaɓen kansiloli a 2004, 2011 da 2020. Wannan na nufin yaƙi biyu ne: matsayinka a jerin, domin na ƙasa ba ya shiga, sannan ƙawancen daren zaɓen magaji, inda jerin da ya zo na biyu kan haɗa kai da na uku ya kayar da na farko. Doka ta nemi magajin gari ya kasance da aƙalla takardar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, kuma tun 2019 kowane jinsi dole ya samu aƙalla kashi 25 cikin ɗari na zaɓaɓɓu. Takardun takara su ne na kullum: ta haihuwa, ta ɗan ƙasa, shaidar kotu cewa ba ka da laifi, da shaidar mazauni. Ta kotun tana da wa'adin wata uku, kada ka ciro ta da wuri.

Sai na ajiye aikina na kamfani?

Kansila ba ma'aikaci ba ne. Zama huɗu ne na ƙa'ida a shekara, ɗaya kowane wata uku, sai na gaggawa da aikin kwamiti, kuma abin da ake ba shi kuɗin zama ne, ba albashi ba. Mai aiki a Yamai zai iya, in ya yarda da tafiyar kusan kilomita 900 sau da yawa. Magajin gari kuwa aikin yini ne da dare, ba ya haɗuwa da darakta. Tun kafin sunanka ya shiga jeri, ka karanta yarjejeniyar aikinka, ka sanar da kamfani a rubuce, ka mayar da mota, salula da katin man da suka ba ka. Game da hannun jarinka, duba tambayar kwangila a ƙasa.

Mene ne ya fi ba wa mutumin kamfani wahala idan ya shiga hukuma?

Rabuwar mai umarni da mai riƙe kuɗi. A kamfani darakta ya amince, a biya kafin la'asar. A hukuma magajin gari ko kantoma shi ke ba da umarnin kashewa, amma ba ya taɓa kuɗin. Ma'ajin birni ne ke biya, kuma yana da ikon ya ƙi idan babu layin a kasafi, ko takardun ba su cika ba, ko ba a tabbatar an yi aikin ba. Ba taurin kai yake yi ba, in ya biya ba bisa ƙa'ida ba wuyansa ne. Kowace kashewa tana bin mataki huɗu: a ɗaure kuɗin a kasafi, a tabbatar da aiki da adadinsa, a ba da umarnin biya, sannan ma'aji ya biya.

Inda masu saurin hannu ke faɗawa shi ne su ce bari su buɗe wani asusu na gefe don aiki ya yi sauri, ko su karɓi kuɗin rumfuna ta lambar salularsu da niyyar maidawa. Dokar kuɗin gwamnati tana ɗaukar duk wanda ya riƙe kuɗin hukuma ba tare da an naɗa shi ba a matsayin ma'ajin da ya naɗa kansa, a bi shi lissafi har tamma ta ƙarshe, ko da bai ci komai ba. Tun Satumba 2023 akwai hukumar COLDEFF, ta yaƙi da almundahana, mai bin irin waɗannan kuɗaɗe.

Daga ina kuɗin birni ke fitowa?

Daga lanho da harajin tituna, tikitin kasuwa da na tasha, kuɗin kabu-kabu da ƴan tireda, hayar shaguna, mahauta, kuɗin takardu, sayar da filaye, rabon da gwamnati ke maidowa daga harajin da ta karɓa, sai tallafin ANFICT, hukumar da ke ba ƙananan hukumomi kuɗin aiki, da na abokan hulɗa. Doka ta ce a ware aƙalla kashi 45 cikin ɗari na kuɗin shiga na yau da kullum zuwa ayyukan raya ƙasa, amma albashi da man motocin shara kan cinye kafin a kai can. A Janairu 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Nauyin ya iso, kuɗinsa na tafe a hankali. Kafin ka kawo kowace shawara, ka karanta kundin raya ƙaramar hukuma, PDC, da kasafin shekara uku da suka wuce, ka kwatanta abin da aka yi hasashe da abin da ya shiga hannu. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce aikinka.

Da wane aikin fasaha ya kamata a fara?

Da ƙidaya, kafin manhaja. Hukumar da ba ta san adadin rumfunan kasuwar Dole ba, ko shagunan da take haya da su, ko baburan da ke kabu-kabu, kwamfuta ba za ta ƙara mata komai ba sai saurin rubuta kuskure. A zaga layi-layi da sarkin kasuwa da wakilan ƴan kasuwa, a buga wa kowace rumfa lamba da fenti, a rubuta mai ita, mai zama cikinta da sana'arsa. Takardar lissafi ta kwamfuta ta wadatar a wannan mataki.

Na biyu shi ne ofishin takardun haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a yi rajistar jariri. Wanda ya wuce sai ta hanyar kotu, kuma yaron da ba shi da takarda yakan gane haka ne ranar da jarrabawa ta zo. Ɗaukar hoton tsofaffin rajistoci, waɗanda gara da ɗigar damina ke ci, da yi musu jerin sunaye da za a iya bincika, aiki ne mai arha da ke taɓa kowane gida. Mu a ganinmu ya fi shafin intanet na birni amfani nesa ba kusa ba.

Muna son karɓar harajin kasuwa ta salula. Yaya ake yi, kuma me ke lalacewa?

Tsarin shi ne: hukuma ta yanke shawara a rubuce, ma'aji ya amince, a buɗe asusun ɗan kasuwa da sunan birni a wurin kamfanin waya ko na aika kuɗi, kuɗin kuma su riƙa zuba kai tsaye cikin asusun da ma'aji ke riƙe. Masu karɓa su zama naɗaɗɗu a hukumance, kowa da layinsa da na'urarsa. A gwada a layi biyu ko uku na wata uku, tikitin takarda na tafiya gefe guda, kowace yamma a haɗa abu uku: abin da na'ura ta nuna, abin da ya shiga asusu, da adadin rumfunan da aka buɗe ranar. A ce kasuwa mai rumfa 600 ce, kowace dala ashirin a rana. Jika sittin ke nan, wato sefa 60,000. Idan jika ashirin da biyar ke isa wurin ma'aji, ka san girman ramin, kuma ka san akwai masu ci daga cikinsa waɗanda ba za su yi maraba da kai ba.

Abubuwan da ke kashe irin wannan aiki ƙanana ne. Takardar na'urar buga rasit, irin mai aiki da zafi, tana dushewa. Rasit ɗin da ɗan kasuwa ya soke cikin aljihu a bazarar Damagaram yakan zama fara fat cikin ƴan makonni, ranar gardama ba shi da shaida. A haɗa da saƙon salula mai lambar rasit. Ƙurar hunturu tana toshe na'ura, wuta tana ɗaukewa, rezo yana faɗuwa ranar Alhamis da kasuwa ta cika. Dole manhajar ta iya karɓa ba rezo, ta aika daga baya, kuma ofishin kasuwa ya samu faifan hasken rana na caji. Sai lissafin dala. Allo ya nuna 50, injiniya na nufin tamma hamsin, mai tumatir ta karanta dala hamsin, wato 250, rigima ta tashi. A rubuta duka biyun a kan rasit, da Hausa.

Mafi girma shi ne mutanen da ke karɓar harajin tun can da. Yawancinsu da kason da suke samu suke ci da iyali. In aka sallame su rana ɗaya, su ne za su gaya wa kasuwa cewa na'ura na satar kuɗi. A horar da su, a biya su kasonsu a kan lokaci ta asusun kowa, a cire wanda lissafi ya kama shi kawai. Kuma ƴan kasuwa su ga wani abu cikin wata ukun: kwashe shara, gyaran magudana, fitila. Wanda ya biya bai ga komai ba, gobe zai ce ba shi da kuɗi a waya.

Kamfanina zai iya neman kwangilar birni ina ciki?

A'a, kuma kada ka nemi dabarar zagayawa. Ƙa'idojin kwangilar gwamnati sun hana wanda ke da hannu a shirya aiki ko zaɓen ɗan kwangila ya ci moriyarsa, kuma sa sunan ƙane ko matar aure bai canza komai ba. A garin da kowa ya san gidan kowa, kafin tawada ta bushe labari ya kai fada. Idan kana da jari a kamfanin da ke harka da birni, ka bayyana a rubuce ranar da ka kama aiki, ka fita daga ɗakin duk lokacin da za a tattauna shi, a kuma rubuta fitarka a takardar zama. Kyautar manhaja ma tarko ce idan kamfaninka kaɗai zai iya gyara ta shekara mai zuwa.

Me ya kamata ya shiga yarjejeniya da kamfanin manhaja?

Cewa bayanan na birni ne, kuma za a miƙa su a sigar da kowace kwamfuta za ta buɗe duk lokacin da aka nema. Cewa babbar kalmar sirri tana hannun mutum biyu na hukuma, babban sakatare da ma'aji misali, a rufe kwafinta cikin ambulan. An sha ganin tsari ya mutu don wanda ya san kalmar an yi masa canjin wurin aiki. A faɗi kuɗin gyara na kowace shekara tun farko, da wanda zai zo in na'ura ta lalace da cikin kwana nawa, domin mai gyara da ke Yamai daidai yake da babu. Idan kamfani zai ɗauki kaso daga abin da aka karɓa, a sa masa wa'adi da iyaka, kuma kuɗin su fara shiga asusun birni kafin a biya shi. Ɗaliban Jami'ar André Salifou biyu ko uku su kasance cikin aikin tun ranar farko.

Mene ne ainihin aikin shugaban tara kuɗin siyasa?

Mutane na ɗauka roƙo ne. Roƙon kashi ɗaya ne. Sauran shi ne sanin abin da doka ta yarda a karɓa, rubuta shi, da iya cewa a'a ga ɗan takararka. Dokar jam'iyyu ta 16 ga Disamba 2010 ta san hanyoyi kamar haka: kuɗin kati da na wata-wata na ƴan jam'iyya, kyauta da wasiyya, abin da jam'iyya ta samu daga ayyukanta, da tallafin gwamnati na kashi 0.30 cikin ɗari na harajin shekara. Ta sa iyaka ga kyautar da ke zuwa daga waje, ta hana karɓa daga kamfanonin gwamnati, ta kuma wajabta kai lissafin shekara gaban kotun binciken kuɗi. Jam'iyyu da yawa sun yi sakaci da wannan na ƙarshe.

Shugaban tara kuɗi ya bambanta da ma'aji. Shi yana nemowa, ma'aji yana ajiyewa, wani na uku yana dubawa. In mutum ɗaya ya haɗa biyu, ko waliyyi ne sai an zarge shi.

Yaya ake riƙe littafi da rasit?

Littafin rasit mai lamba a jere, kowane shafi kashi uku: na mai bayarwa, na ma'aji, da wanda ya rage a gindin littafin. A rubuta suna, unguwa, lambar waya, adadi da lamba da kuma haruffa, da sa hannun mai karɓa. Kowane littafi a rubuta wa aka ba, daga lamba kaza zuwa kaza. Rasit ɗin da ya ɓaci a ja masa layi a bar shi ciki, ba a yage ba. Asusun banki ɗaya, sa hannu biyu. Lambar karɓa ta Airtel Money, Moov Money, Zamani Cash, Nita ko Amana ta kasance da sunan ƙungiya, a kuma sanar da ita a bainar jama'a, saboda masu buɗe lambar bogi a WhatsApp da hoton ɗan takara. Tsabar kuɗi kada ta kwana biyu a gidan kowa.

Abin da aka fi mantawa shi ne gudummawar kaya: buhun gero, man fetur, aron mota na kwana goma, bandir na atamfa, sukari da ganyen shayi na fada. A yi musu kuɗi a farashin ranar, a ba da rasit. Mai motar da bai samu rasit ba shi ne zai zo bayan zaɓe ya ce haya ce. Wannan tsari shi ne dai za a bi a ƙungiyar raya gari mai tara kuɗin rijiya ko aji, tare da izinin hukuma a rubuce kafin a fara yekuwa.

Ƴan uwa da ke Kano, Kwatano ko Saudiyya suna son aikowa. A karɓa?

A rubuta ko ɗan Nijar ne, a ajiye shaidar haka, domin tsohuwar doka ta bambanta kuɗin gida da na waje. A guji "taron ƴan gida ya aiko miliyan kaza" ba sunaye. A nemi jerin waɗanda suka haɗa. Damagaram na cinikin naira da sefa kullum ta hanyar Matamaye da Magarya, don haka a rubuta adadin naira, farashin canjin ranar, da sefar da ta shiga hannu. Rata tsakanin ranar karɓa da ranar canji ta raba abokai da yawa. Babban kuɗin da ba a san asalinsa ba a mayar. Bankuna na kai rahoton irinsa ga hukumar CENTIF mai sa ido kan halatta kuɗin haram.

Wani Alhaji zai ɗauki rabin kasafin shi kaɗai. Ina matsalar?

Matsalar tana zuwa bayan nasara. Wanda ya ɗauki rabin tafiya yana jiran kwangila, ko fili a sabon yanka, ko shago a bakin kasuwa, ko a kawar da kai daga harajinsa. Yankan filaye musamman ya jawo wa magadan gari da dama tsigewa a ƙasar nan. Ku sa wa kanku iyaka tun kafin kuɗi su fara shigowa, misali kada mutum ɗaya ya wuce kashi goma cikin ɗari. A je wurinsa mutum biyu, a gaishe shi yadda ya kamata, a ce: "Alhaji, Allah ya saka da alheri, ga abin da za mu iya karɓa, kuma za mu rubuta." In ya ce kada a rubuta, amsar ta fito. Mutum dubu masu jika ɗai-ɗai sun fi wahalar tarawa, amma ranar zaɓe su dubu ne a layi.

Ina da damar ganin lambobin abokan hulɗar kamfaninmu. Zan iya aika musu saƙo?

A'a. An ba kamfani lambobin ne don hulɗar waya ko aika kuɗi, amfani da su don siyasa ko tara gudummawa keta dokar kare bayanan mutane ce, ta 2017 wadda aka sabunta a Disamba 2022, kuma hukumar HAPDP ke sa ido a kai. Haka rajistar masu biyan haraji ko ta haihuwa da ka gina wa birni, wadda aka yi bayaninta a sama: ba ta fita zuwa ofishin kowane ɗan takara. Ka gina jerinka daga waɗanda suka ba da lambarsu da kansu, suka san dalili. Mai kula da zauren WhatsApp ko shafin Facebook ya tuna cewa dokar laifukan intanet ta 2019, bayan gyaran Yuni 2024, ta maido da ɗauri kan ɓata suna da zagi.

Ina kuɗin yaƙin zaɓe ke zurarewa?

A man fetur, taron gangami da maroƙa, cikin makon farko. Sai ranar zaɓe ta zo babu abin ba wakilan akwati, su bar rumfa kafin a gama ƙirga, ba su karɓo takardar sakamako ba. A fara ware nasu. A ce akwati 120 ne, wakili biyu kowanne, jika biyar-biyar na abinci da abin hawa: miliyan ɗaya da jika ɗari biyu, a kulle, kada a taɓa ko ɗan takara ya yi fushi. Man fetur kuma a yi shi da takardar sha a gidan mai guda, da lambar mota da kilomita. Rabon kuɗi don ƙuri'a laifi ne a dokar zaɓe ta 2017, haka amfani da motar hukuma. Shugaban tara kuɗi ne ya kamata ya fara ƙi.

Mun ji a Amurka ta intanet ake tara kuɗin siyasa. Za a iya kwaikwaya?

Wani ɓangare. Dandalin ActBlue na ƴan Demokrat tun 2004 da WinRed na ƴan Rifablikan tun 2019 suna tara ƙananan gudummawa ta katin banki, amma a bayansu akwai hukumar zaɓe ta tarayya da ke wallafa suna da sana'ar duk wanda ya wuce dalar Amurka 200, kuma ɗan wata ƙasa ba ya bayarwa. Abin ɗauka shi ne wallafawar. Misalin Michael Bloomberg, mai kamfanin bayanan kuɗi da ya riƙe birnin New York daga 2002 zuwa 2013, bai dace da mu ba, da aljihunsa ya yi takara. A nan adashe da kuɗin kati na wata-wata sun fi kusa da abin da mutane suka saba.

Bayan zaɓe, ko ranar barin aiki, me ake miƙawa?

Cikin wata guda a rufe littafi: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ya rage da sunan masu bi. Mai buga takardu, mai hayar kujeru da mai lasifika su ake fara biya, domin ƙananan masu sana'a ne kuma su ake mantawa. A karanta lissafin gaban kwamiti, mutum uku su sa hannu, a rufe lambobin karɓar kuɗi, a ajiye gindin rasit duka. Wanda ya riƙe jakar tafiya kada ya karɓi kujerar kwamitin kuɗi ko na kwangila a majalisar da aka ci, saboda dalilin da ke cikin tambayar Alhaji.

Mai barin ma'aikatar magajin gari kuma ya miƙa takardar da ta lissafa na'urori da lambobinsu, yarjejeniyoyi da ranar ƙarewarsu, kalmomin sirri cikin ambulan, da kwafin bayanai a faifai biyu, ɗaya wurin babban sakatare, ɗaya wurin ma'aji. A zauna da wanda ya gaje ka a gaban kwamfuta, shi ya shiga da hannunsa, ya ciro rasit ɗin jiya, sannan ku sa hannu.